Filin Tambaya da Amsa: Kwanon Ado Daga Guntayen Yadi da Zare

A fitowar da ta gabata na ambata, cikin layi biyu kacal, cewa kwanon da nake zuba maɓallai da allurai a gefen kekena da guntayen yadi na yi shi. Layi biyun nan sun jawo wasiƙu fiye da duk abin da na taɓa rubutawa a kan yankan riga. Na haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, na bar ɗaya ta tsaya wa sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni tela ce, shekara 6 ina ɗinki. Ina da buhu biyu cike da guntayen yadi, sun yi ƙanƙanta da yin komai, kuma raina ba ya son in zubar. Ta ina zan fara yin irin kwanon da kika faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da juye buhu ɗaya a ƙasa ki ware yadin auduga gefe guda, na roba gefe guda. Kada ki tsallake wannan. Auduga tana shan gam har cikin zarenta, in ta bushe sai ta tsaya ƙyam. Yadin roba kuwa gam ɗin a bayansa yake kwanciya, shi ya sa yake zamewa a hannu, ya ɗaga a gefe bayan kwana biyu. In kin rasa gane wani ƙyalle, ɗiga masa ruwa. Auduga tana tsotse ɗigon nan take, roba takan bar shi ya ɗan tsaya a sama. Duk ƙyallen da kike zargin yana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, ki wanke shi tukuna, domin gam mai ruwa zai kwaso rinin ya shafa wa maƙwabcinsa.

Sai ki yanka su gunduwa-gunduwa, faɗin santimita 2 zuwa 3, tsawon kamar santimita 8. Na san hannu yana so ya ɗora babban ƙyalle don aiki ya yi sauri, amma babban ƙyalle ba ya bin lanƙwasar kwano, tattarewa yake yi ya bar aljihun iska a ƙarƙashinsa.

Gam ɗin da nake nufi shi ne farin gam irin na katako da takarda, wanda za ki ga an rubuta PVA a jikin robarsa. Sinadarin da ke cikinsa wani Bajamushe ne mai suna Fritz Klatte ya gano shi a 1912, kuma amfaninsa gare mu shi ne fari yake yana jiƙe, in ya bushe sai ya zama garau, launin yadin ya fito. Akwai gam na kafintoci mai ruwan ɗorawa, shi yana barin launinsa a kan aiki, ki kauce masa. Ina zuba awo 2 na gam, awo 1 na ruwa, in dama har ya zama yana bin buroshi ba tare da ya ɗiga kamar ruwa ba.

Ki samu kwano mai santsi, na roba ko na ƙarfe, wanda bakinsa ya fi gindinsa faɗi. In cikinsa ya fi bakinsa faɗi, aikin ba zai fita ba sai kin yanka shi. Ki kife shi a kan gwangwani don ya ɗaga daga tebur, ki lulluɓe shi da leda mai laushi, ki ja ta ta kwanta sosai. Layin farko ki ɗora ƙyallayen fuskarsu tana kallon ledar, saboda shi ne zai zama cikin kwanonki. Kowane guntu ya hau kan na kusa da shi da kamar rabin santimita. Layi na biyu ki gicciya shi a kan na farko: in na farko daga gindi ya gangaro zuwa baki, na biyu ya zagaya kwanon. Layi na uku fuskarsa waje, shi ne adon. Kowane guntu ki shafa masa gam, ki ɗora, ki bi shi da yatsa daga tsakiya zuwa gefe har kin ji babu kumfa.

Ki bar shi awa 24 a inuwa, inda iska ke ratsawa. Bayan kin zare kwanon da ke ciki kin ɓare ledar, za ki tarar cikin da sauran danshi, don ledar ta hana shi shan iska. Ki juya shi ya ƙara yini guda. Daga nan ki bi bakin da almakashi mai kaifi ki daidaita, ki naɗe shi da siririn ƙyalle mai gam kamar yadda kike naɗe wuyan riga.

Tambaya: Malama, na gwada har sau biyu. Na zuba gam sosai, kusan rabin roba, amma kwanon ya fito laɓe-laɓe, ga wasu fararen tabo a gindinsa. Gam ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Ina kyautata zaton gam ɗinki lafiyarsa ƙalau. Wannan tambayar ta fi kowace yawa a wasiƙun da suka zo, kuma kusan kowa abin da ya yi ke nan: da ya ga aiki ya yi laushi sai ya ƙara gam. Farin gam ko ya bushe yana da ɗan sassauci, ki tuna busasshen da kike ɓarewa a yatsa, lanƙwasuwa yake yi kamar fata. Abin da ke tsayar da kwano shi ne zaren yadin da ya gicciye juna, gam riƙe su kawai yake yi a inda aka ajiye su. Layi biyu da suka bi hanya ɗaya za su lanƙwashe tare. Layi uku a gicciye, da gam kaɗan, sun fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Haka ake yin katakon falanki mai hawa-hawa, kowane hawa ana juya shi ya gicciye na ƙasansa.

Na koyi wannan ne a kan wani kwano da na yi wa ƙanwata da ragowar yadin wata riga da mahaifiyarmu ta daɗe tana sawa. Guntayen ba su da yawa, sai na yi layi ɗaya na cika shi da gam. Da safe ya yi kyau a ido, amma da na ɗaga shi sai bakinsa ya faɗa ciki. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yadin ba mai samuwa ba ne kuma. Mayar da shi na yi a kan kwanon da na zuba shi, na ƙara layi biyu na farin yadin auduga a gicciye ta baya, sannan na rufe da 'yan guntayen da suka rage. Yana nan har yau a ɗakinta. Ke ma kada ki jefar da naki biyun, mayar da su ki ƙara musu layi.

Fararen tabon kuwa gam ne da ya taru ya yi kauri, samansa ya bushe cikinsa bai bushe ba. Wani lokaci yakan washe in an ƙara masa kwana biyu. Sanyi mai tsanani ma yana sa farin gam ya bushe da fari-fari kamar alli, don haka kada a shanya a wuri mai sanyi sosai. Nan gaba, bayan kin gama ɗorawa, ki bi aikin da busasshen buroshi ki kwashe duk inda gam ya kwanta.

Wasu sun ce da balan-balan suka yi. Yana yiwuwa, kuma yana ba da zagaye mai kyau, sai dai iskarsa tana raguwa cikin dare, yadin ya bi shi ya yamutse, in kuma rana ta buge shi yana iya fashewa aiki bai bushe ba. Ni kwano na fi yarda da shi.

Tambaya: Anti, ni aikin surfani nake yi da keke. Abin da ke taruwa mini ba ƙyalle ba ne, guntayen zare ne, masu sheƙi, launi iri-iri. Su ma suna da amfani?

Amsa: Ƙanwata, abin da ke hannunki ya fi na kowa daraja a wannan sana'a. Ki ajiye kwalba a gefen keke, duk zaren da kika datse ki jefa ciki. Kwanon zare shi ne wanda na fi so a cikin dukkan ire-iren nan, domin haske yana ratsa shi, inuwarsa a kan tebur kamar raga.

Akwai wata leda da masu surfani ke shimfiɗawa a kan yadi, wadda ke narkewa in ta taɓa ruwa, wataƙila ma kina da ita. Ita ma a wasu wurare PVA ake rubuta mata, amma sinadarinta daban ne da na farin gam, a Jamus aka fara haɗa shi a 1924. Ki yanka ta gida biyu, kowane ya fi kwanon da za ki kifa a kai girma. Ki shimfiɗa ɗaya, ki barbaza zaren a kai cikin da'ira, tsakiya ya fi kauri, gefe ya yi shara-shara. In kina da ƙananan guntayen yadi kamar farce, ki watsa su ciki. Ki rufe da ɗaya ledar, ki ɗaure duka a zoben surfani ya yi tsam.

Nan ne wurin da ake yin kuskure. Ɗinkin da za ki bi kai da shi dole ya tsallaka kansa. Ki fara da layuka a tsaye, tazarar da ba ta wuce santimita 1 ba, ki sake bi a kwance har ya zama kamar dara, sannan ki sauke haƙoran keke ki yi ta zagaye-zagaye yadda ranki ke so. Ki tuna ledar tafiya za ta yi. Duk zaren da ɗinki bai kama shi a wuri biyu ko uku ba, ruwa zai tafi da shi. Kafin ki jiƙa, ɗaga aikin ki duba shi a haske, inda kika ga fili babu ɗinki ki koma ki cike. Zaren ƙasa ma zai fito a fili, don haka ki zaɓi launinsa da gangan.

Wajen wankewa kada ki wanke tas. Ki tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, da kin ga ledar ta ɓace amma aikin yana da yauƙi a hannu, ki tsame. Wannan yauƙin shi ne zai sandarar da kwanon. Ki ɗora a kan kifaffen kwano, ki gyara bakin da yatsa, ki bari ya bushe. In ya fito da laushi, ki shafa masa farin gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi. Ragowar ledar ki ɗaure ta a jaka, kuma kada ki taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, danshin iska kaɗai yana sa ta yi danƙo.

Wadda ba ta samu ledar ba, siririn yadin raga yana yin aikin. Shi ba ya narkewa, yana zama cikin kwanon, sai a sandarar da gam.

Tambaya: Hajiya, ni namiji ne, tela. Na ga ana naɗe igiya da ƙyalle a ɗinke ta zama kwano. Na gwada, allura 3 na karya, kuma abin ya fito a baje kamar faranti.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Igiyar nake fara tuhuma. Wadda ake so ita ce ta auduga mai laushi, kaurin milimita 5 zuwa 6, wadda in ka matsa ta da yatsa za ta lotsa. Akwai igiyar shanya mai roba ko waya a tsakiya, ita ce mai cin allura. Yanka bakinta ka duba cikin kafin ka saya. Allura kuma ka sa mai ƙarfi, lamba 16, irin ta ɗinkin jins, ka sassauta gudu, kada ka ja aikin da hannu. Allura takan karye ne idan aka ja yadi alhali tana ciki, sai ta lanƙwashe ta bugi ƙarfen ƙasa.

Ƙyallen naɗin ya zama siriri, santimita 2, kuma in ka yanka shi a karkace, yankan da teloli ke kira bayas, zai kwanta a jikin igiya ba tare da ya yi ta zubar da zare ba. Ka naɗa kamar kamu biyu, ka maƙale da abin shanya, ka ɗinka, ka sake naɗawa. Kada ka naɗe igiyar duka tun farko, warwarewa za ta yi. Ɗinkin zigzag ake yi, faɗinsa kamar milimita 5, ramin da ke tsakanin zagaye biyu ya zama daidai tsakiyar ƙafar keke, allura ta ciji wannan ta ciji wancan. Ka tsara shi yadda abin da ka riga ka ɗinka zai taru ta hagu, inda babu jikin keke, sabuwar igiya tana shigowa ta dama.

Batun faranti kuwa, keke ba ya ɗaga bango da kansa. Idan gindin ya kai faɗin da kake so, a ce santimita 10, sai ka sa hannun hagu a ƙarƙashinsa ka ɗaga shi sama kana ci gaba da ɗinki. Ɗagawa kaɗan tana ba da kwano mai buɗaɗɗen baki. In ka ɗaga har ya kusa taɓa kan keken, bango zai miƙe tsaye. Abin da ake bukata shi ne hannun ya tsaya a kusurwa ɗaya har zagayen ya cika, in ba haka ba gefe guda zai fi wani tudu. Kwano mai gindin santimita 10 da tsayin santimita 7 yana cin igiya wajen mita 7 zuwa 8 a hannuna. Wanda kekensa ba ya zigzag zai iya yi da hannu, da babbar allura da zare mai kauri, yana kama sabon zagaye da na ƙasansa. Yana cin lokaci, amma ɗinkin hannun kansa ado ne.

Tambaya: Zan iya amfani da sitacin kaya maimakon gam?

Amsa: Za ki iya. Cokali 1 na garin sitaci a kofi 1 na ruwa, ki dafa kina juyawa har ya yi kauri ya washe, ki bari ya huce. Yana sandarar da auduga da zare sosai, har ya fi gam ƙyam a ranar farko. Aibinsa biyu: yana saki idan iska ta yi danshi, kuma kyankyaso da ƙananan ƙwari suna cinsa, wani lokaci har da fumfuna. Na koyo da na wasan yara, sitaci ya isa. Wanda za a ba wani kyauta ko a sayar, a yi da gam.

Tambaya: Anti, ana iya zuba abin ci a ciki? Kuma yaya ake wanke shi?

Amsa: A'a, 'yata, ba a zuba abin ci kai tsaye, kuma ba a wanke shi. Farin gam yana komawa fari ya yi laushi in ya daɗe a ruwa. Na makullai ne, da zobba, da kayan ɗinki, da abin da ke cikin takardarsa. Ƙura a kaɗe ta da busasshen buroshi. Shafa masa man sheƙi irin wanda ake tsinkawa da ruwa, sau biyu, yana kare shi daga danshin hannu, amma ba ya mayar da shi kwanon ruwa. Na igiya wanda babu gam a jikinsa shi kaɗai ake iya wankewa da hannu, a cusa masa tawul ya bushe a kan siffarsa. Kuma ina roƙon kowa, kada a kunna kyandir a cikin ɗayansu, yadi ne da zare.

Tambaya: Malama, nawa yana tsayawa da kyau, sai dai launin ne. Kowane ƙyalle shi kaɗai yana da kyau, in na haɗa su sai abin ya zama hargitsi.

Amsa: Wannan ciwon na san shi. Buhun guntaye yana sa mutum ya ji dole kowane ƙyalle ya samu shiga, alhali kwano ɗan ƙaramin fili ne. Ki zaɓi launi ɗaya ya zama mai gida, ya ci fiye da rabin wurin, na biyu ya taimaka masa, na uku ya leƙo kaɗan, wataƙila a baki kawai. Sauran su jira kwano na gaba, ko su shiga layin tsakiya inda ba a ganinsu, can ma aiki suke yi.

Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne duhu da haske. Ki jera guntayen a tebur, ki ɗauke su hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. In duk suka zama toka iri ɗaya, kwanon zai fito a dagule ko da launukan sun kai goma. Ki nemo wani mai duhu sosai ko mai haske sosai ki sa a tsakani. Yadi mai manyan furanni kuma in aka yanka shi ƙanana furen ɓacewa yake yi, launi kawai ke saura, don haka ki dube shi a matsayin launi tun kafin almakashi ya taɓa shi.

In kina son ganin inda aka ƙware a wannan, nemi hotunan boro na arewacin Japan. Manoma ne a yankin da sanyi ya hana auduga fitowa, suka riƙa ɗora ƙyalle a kan ƙyalle suna bin sa da ɗinkin hannu shekara da shekaru. Kusan duka shuɗin baba ne, amma daga mai duhu kamar dare har wanda ya koɗe ya kusa fari, kuma ido ba ya gajiya da kallonsu. Ni kaina kwanon da ke gefen kekena shuɗi ne iri biyar da siririn ja a baki.

Tambaya: Anti, ina koyar da yara 'yan shekara 7 zuwa 9. Wanne ya dace da su?

Amsa: Na gam, a kan ƙananan kwanonin roba. Ki yanka musu ƙyallayen tun a gida don almakashi ya tsaya a hannunki, ki shimfiɗa tsohuwar jarida, kowa ya naɗe hannun riga. Farin gam yana fita da ruwa muddin bai bushe a tufafi ba, don haka a ajiye bokiti kusa. Balan-balan kada ya shigo ajin, guntunsa in ya fashe yana iya shaƙe ƙaramin yaro. Ki raba aikin kwana biyu, layi biyu a ranar farko, na ado washegari, kuma ki rubuta sunan kowane yaro a ɗan ƙyalle ki manna a gindin nasa tun yana jiƙe, domin in sun bushe a jere a kan taga kowa zai ce mafi kyawun nan nasa ne.